Ku Tambayi Kawu: Daren Koktel Don Agaji, Nawa Ke Isa Hannun Mabuƙata?

Wasiƙun wannan fitowa kamar an haɗa baki, kusan duk a kan magana ɗaya suka zo: masu haɗa koktel (abin sha da ake gauraya kaya iri-iri a kofi ɗaya, galibi har da barasa) da ke son keɓe dare guda su tara wa mabuƙata kuɗi. Na tsamo biyar, na rage musu tsawo saboda fili. Wanda ya rubuto kan rikicin albashi da maigidansa ya ƙara haƙuri zuwa fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ma'aikacin kanta ne a wani babban otal, haɗa abin sha nake yi. Mu biyar muka yi shawarar mu keɓe dare ɗaya mu haɗa koktel, abin da aka samu mu kai wa sashen yara na wani asibiti. Manaja ya ce ba matsala. Ta ina za mu fara? Tsorona kada mu sha wahala a tashi ba komai.

AMSA: Ƙanena, Allah ya saka da wannan niyya. Tsoron nan naka kuwa ka riƙe shi da kyau, shi zai cece ku.

Mu fara da manaja. Koma wurinsa da takarda da biro. Zauren kyauta ne ko za a cire kuɗinsa? Kwalaben da za ku ɗauko daga sito, a farashin da otal ya sayo za a lissafa muku ko a farashin da yake sayar wa baƙi? Masu wanke kofuna da masu gadi, wa zai biya su? Duk abin da ya faɗa ya sa hannu. Na taɓa tsayawa bayan kanta a irin wannan dare, wuri ya cika ba masaka tsinke, muka tashi ƙafafu a kumbure muna ta murna. Bayan 'yan kwanaki ofishin kuɗi na gidan ya turo lissafi. An cire kuɗin zaure, an cire na wuta, an ƙirga kowace kwalba a farashin baƙo. Wanda aka aika ya kai abin da ya rage sai da ya yi ta sunkuyar da kai. Kuma ba wanda ya saci ko sisi, kowa dai ya fahimci yardar manaja yadda ta yi masa daɗi.

Ga lissafin a sauƙaƙe, ka sa masa sunan kuɗin da kuke kashewa. A ce kofi ɗaya 10 ne, kun sayar da 200, an tara 2,000 ke nan. A sana'ar nan abin da ke cikin kofi yakan ci wajen kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa, 400 sun tafi. Ƙanƙara, mai kiɗa, buga takardun talla, ladan na'urar biya da kati, kofunan da za su fashe (za su fashe, kada ka yi tantama), ka ce wasu 500. Saura 1,100, wannan ma in zaure da hannayenku kyauta ne. To in aka rubuta a allo cewa kashi 10 cikin 100 na riba zai tafi asibiti, 110 kacal za su isa, baƙo kuwa ya koma gida yana jin ya yi babbar sadaka. Shi ya sa ba na yarda a ɗaura alkawari a kan riba, don riba sai mai riƙe da littafi ya faɗa ake saninta. Ku ce 4 daga kowane kofi, ko kuɗin tikiti gaba ɗaya. Kofuna da tikiti kowa na iya ƙirga su.

Wannan tsari na yankar wani abu daga kowane kofi shi ne ya ɗaga Negroni Week, makon tara kuɗin agaji da ake yi da wani koktel mai suna Negroni. Mujallar Imbibe ta Amurka ce ta fara shi a 2013 da wurare wajen 120, kamfanin barasa na Campari ya mara masa baya, yau dubban gidajen giya da otal-otal ne a ƙasashe da dama ke yinsa cikin watan Satumba. Da farko kuɗin na watsuwa ga ƙungiyoyi daban-daban, daga 2022 aka karkatar da shi ga guda ɗaya, Slow Food, wadda aka kafa a Italiya. Lura da abin da suka ɗora makon a kai: abin sha ɗaya tak, kayan haɗi uku daidai wa daida, ba matsar lemo, ba girgiza. Mai haɗawa ko gyangyaɗi yake ba zai ɓata shi ba, mai ƙirga ma ba zai ruɗe ba.

Akwai wata dabarar da ta burge ni. A birnin Houston na jihar Texas an buɗe wani wuri a 2012 mai suna OKRA Charity Saloon. A wancan lokacin, kowane kofi ka saya sai a ba ka ƙuri'a ɗaya, ka jefa wa ɗaya daga ƙungiyoyi huɗu da aka tsayar a watan, wadda ta yi rinjaye ta kwashi ribar wata mai zuwa. Ku da asibiti ɗaya kuka nufa kuna iya aron abin, baƙo ya zaɓa tsakanin gadaje da magani da kayan wasan yara. Amma sai asibitin ya faɗi abin da yake buƙata da bakinsa. Kafin ku buga ko takarda ɗaya ku je ku same su, ku gaya musu a fili cewa kuɗin daga cinikin barasa zai fito. Sashen yara na iya cewa a'a, ko ya ce ya karɓa amma kada a sa sunansa kusa da hoton kwalba. Gara ku ji tun yanzu.

Ni dai tikiti na fi so, don kuɗi na shigowa kafin ku sayi komai, kun kuma san yawan bakunan da za ku shayar. Tikiti ɗaya ya ɗauki kofi biyu ko uku, mai son ƙari ya biya. Kada ku kuskura ku yi tsarin sha iya shanka. Asara ce ga asusu, kuma shi ne hanyar da ake ɗaukar mutum ranga-ranga daga taron da aka yi da sunan yara marasa lafiya. Kamfanonin abin sha sukan ba da kwalabe kyauta in za a sa sunansu a allo, ku rubuta musu da wuri. Tunda a otal za ku yi, lasisinsa ya rufe ku. In da wani zaure za ku fita, sai kun nemi izinin hukuma. A Ingila da Wales, alal misali, taron da bai kai mutum 500 ba ana sanar da ƙaramar hukuma ne aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar.

Sai aikin kanta, inda na fi ƙarfi. Kada jerin abin shanku ya wuce huɗu, ɗaya ko biyu daga ciki marasa barasa. Na san halinku, kowa zai so ya nuna gwaninta, wannan ya kawo mai hayaƙi, wancan ya kawo mai kayan haɗi tara. Ku bar wannan sai ranar gasa. In mutum talatin suka tsaya a gabanka da tikiti a hannu, kofi kuma na cin minti biyu, na ƙarshe a layi sai ya yi awa guda a tsaye.

Ku haɗa da yawa tun da rana a manyan jarkoki masu tsabta, a rubuta suna a jiki. Sai dai ku tuna da ruwa. Ƙanƙarar da ke narkewa lokacin girgiza ko juyawa tana ƙara wa kofi ruwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma da wannan ruwan aka tsara ɗanɗanon. In kai tsaye za ku zuba daga firji, sai kun ƙara ruwan da hannunku, in ba haka ba ya fito da kaifi ya kuma bugar da mutane da wuri. Lemun tsami a matse shi ranar a tace, na jiya ɗaci yake yi. Duk mai gas ba ya shiga jarka, a kan kofi ake zuba shi.

Ƙanƙara ce ke kunyata mutane. Ban taɓa ganin dare ya watse don kwalba ta ƙare ba, amma na sha ganin ƙanƙara ta ƙare ƙarfe tara da rabi, ga layi har bakin ƙofa, ga mai haɗawa yana lalube a gindin akwati da ludayi, ruwa kawai yake ɗebowa, yana yi wa baƙo murmushin dole. Ni kilo guda nake ware wa kowane baƙo, in raba gida biyu: ta kofi daban, ta sanyaya kwalabe daban, ta biyun ba ta shiga bakin kowa. In kofi ya fashe kusa da akwatin, a zubar da ita duka a wanke akwatin, komai yawanta, don ido ba ya bambanta gilas da ƙanƙara. Ku biyar ɗin nan kuma kada ku jeru a kanta duka. Uku su haɗa, ɗaya ya riƙa kawo ƙanƙara da wankakkun kofuna, ɗaya ya zauna kan kuɗi, hannunsa kada ya taɓa kwalba. Ruwan sha kyauta a kan kanta, abinci ko ɗan kaɗan ne, wanda ya fara tangaɗi a daina ba shi komai yawan tikitin da ya saya, a nema masa motar komawa gida.

TAMBAYA: Kawu, ni fa ban yarda da abin nan ba. An gayyace ni irinsa, na ga hotunan na bara, kowa ya ci ado yana dariya. Ba holewa ba ce kawai aka lulluɓe da sunan marayu?

AMSA: Malam, rabin maganarka gaskiya ce. Yawancin masu zuwa nishaɗi ya kawo su, masu shiryawa ma sun sani, da shi suke jawo su. Mutumin da ba zai tsaya ya karanta takardar neman taimako ba zai sayi tikiti biyu don ya fita da abokai. Ko hukumomin haraji sun san tikiti ba sadaka zalla ba ce. A Birtaniya akwai tsarin Gift Aid, inda gwamnati ke ƙara wa ƙungiyar agaji fam ɗaya a kan kowane fam huɗu na kyauta, amma kuɗin tikitin shiga irin wannan taro ba ya ciki, don ka sayi wani abu ne. A Amurka abin da ya haura darajar abin da ka ci ka sha, shi kaɗai ake lissafa maka a matsayin gudummawa.

Dariyar da ka gani a hoto ba ta dame ni ba. Ka tambayi wanda ya gayyace ka nawa aka miƙa bara, kuma ga wa. Mai gaskiya zai faɗa maka adadi nan take, wataƙila har da hoton rasidi a wayarsa. In ya fara cewa an dai yi ƙoƙari, ka san inda aka dosa. A Ingila da Wales dokar ƙungiyoyin agaji ta 1992 ta wajabta wa ɗan kasuwar da ke talla da sunan wata ƙungiya ya yi rubutacciyar yarjejeniya da ita, ya kuma bayyana wa mai saye nawa zai tafi gare ta. Inda babu irin wannan doka, bakinka ne dokar. Wurin da aka tsara da kyau za ka ga mutum biyu ne ke ƙirga kuɗi a daren, ɗaya daga masu shiryawa ɗaya daga ƙungiyar, su sa hannu a takarda ɗaya kafin kowa ya tafi, a kuma sanar da adadin cikin mako.

Akwai waɗanda suka yi abin da gaske. Lynnette Marrero da Ivy Mix sun kafa gasar Speed Rack a New York a 2011, mata masu haɗa abin sha ke fafatawa, kowacce ta haɗa kofi huɗu cikin gaggawa a gaban alƙalai, in ɗanɗano ya kauce a ƙara mata daƙiƙu. Sun tara sama da dala miliyan 1 don yaƙi da sankarar mama. Ina jinjina musu, amma akwai abin da ke tsaya mini a rai, kuma gara in faɗa. Barasa na cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, har da ta mama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Don haka mai ƙin zuwa irin wannan taro ba tsaurin kai gare shi ba. In ba ka so, kada ka je. Tura kuɗin tikitin kai tsaye ga ƙungiyar, zai isa cikakke, ba a cire na ƙanƙara ba.

TAMBAYA: Kawu, ni Musulma ce, shirya taruka ne aikina. Tsarin ya burge ni, ina son in yi wa wata makarantar kurame, amma ba barasa ko ɗigo. Ƙawayena sun ce ba wanda zai sayi tikiti mai tsada don ya sha lemo. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, in lemo za ki ba su, ƙawayenki sun yi gaskiya. Ba wanda zai biya don a juye masa ruwan kwali a kofi mai dogon wuya a soka masa 'yar lema. Amma haɗin da ba barasa sana'a ce mai zaman kanta, ni kaina shekaruna na ƙarshe a aiki a irin wannan kanta na yi su, da zaɓina. Kuma ba sabon abu ba ne. Littafin da Jerry Thomas ya fitar a Amurka a 1862, wanda masu wannan sana'a ke ɗauka a matsayin na farko, yana da sashe guda na abin sha marasa barasa. A 2013 aka fara Dry January a Birtaniya, inda mutane ke ajiye sha tsawon watan Janairu, a 2015 kuma Seedlip ya fito a Ingila, ruwan ganyaye da kayan ƙamshi da aka tace ba barasa, ana sayar da shi da tsada kamar sauran kwalabe. Kasuwar tana nan.

Kuskuren da ake yi shi ne zaƙi. An cire barasa sai a cike gurbin da sukari, baƙo ya shanye cikin kurɓa uku, na biyu ya gundure shi. Abin da ke sa mutum ya riƙe kofi minti ashirin yana hira shi ne ɗan yaji a maƙogwaro, ɗan ɗaci, da ɗan bauri a harshe. Yaji daga ɗanyar citta ake samunsa, ɗaci daga ɓawon lemu ko ruwan tonik, bauri daga baƙin shayi mai ƙarfi da aka bari ya huce. Ɗigon ruwan gishiri kuma yana tayar da sauran duka.

Ga guda ki gwada a gida. Ki markaɗa ɗanyar citta ki matse ruwanta, ki auna sukari daidai yawan ruwan ki juya har ya narke, ba tare da ɗorawa a wuta ba, don dafawa na kashe yajin. A gwangwanin girgizawa ki zuba mililita 60 na shayi mai sanyi, 25 na lemun tsami, 20 na ruwan cittar nan, da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu. Cika shi da ƙanƙara, rufe, girgiza da ƙarfi kamar daƙiƙa 12. Za ki ji ƙarar ta sauya daga ƙwal-ƙwal ta koma ƙasa-ƙasa, gwangwanin ya yi fari da sanyi har yatsu su fara zafi, to ya yi. Tace a kan sabuwar ƙanƙara, ƙara ruwan soda kaɗan. Ki ɗauki reshen na'ana'a ki ɗora a tafin hannu ki tafa sau ɗaya, kada ki murje shi, murza na fito da ɗacin ganye. Hanci ne ke fara sha kafin baki. Ki tabbatar a gaban baƙi ake yin wannan, don rabin kuɗin tikitin na kallo ne.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci gare ki. In kin ɗauko masu haɗawa da suka saba da gidajen giya, akwai abubuwan da hannunsu ke kaiwa ba tare da tunani ba. 'Yar kwalbar nan da takardar jikinta ta fi ta tsawo, Angostura, da ake ɗigawa don ɗaci, kashi 44.7 cikin 100 nata barasa ce, kuma da yawa na ɗiga ta a kofin da suke kira mara barasa. Ruwan banila na gaske, bisa ƙa'idar Amurka, ba ya kasa kashi 35. Kwalaben da aka rubuta babu barasa a jikinsu, a wasu ƙasashe doka ta yarda su ɗauki har kashi 0.5. Ki zauna da su ki karanta bayan kowace kwalba da idonki, wadda ba ki gamsu da ita ba kada ta shiga zauren. Ki kuma rubuta a jerin abin sha duk wanda ke da farin ƙwai ko ruwan almon, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, abin na iya kai su asibiti.

Ta fuskar kuɗi kuwa kin fi su riba. Kayan haɗinki sun fi araha, ba ruwanki da lasisin barasa, iyali na iya zuwa da manyan 'ya'yansu, kowa kuma ya tuƙa kansa gida.

TAMBAYA: Kawu, ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar kula da marayu. Wasu matasa ma'aikatan mashaya sun zo da ladabi sun ce za su yi dare guda su ba mu kuɗin, su sa sunanmu a talla. Muna cikin matsi. Kwamiti ya rabu biyu. Mu karɓa?

AMSA: Alhaji, fatawa ta malamai ce, amma abin da ke rubuce a fili ba sai an ɓoye shi ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito bai tsaya kan mai sha ba, ya lissafa mutum goma, har da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Ga kuma hadisin Muslim cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Ta ɓangaren mai karɓa, malamai da yawa sun tafi a kan cewa wanda ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya ya rabu da ita ta hanyar ba talakawa ko zuba ta a amfanin jama'a, ba da neman lada ba, kuma talakan da ya karɓa ba shi da laifi. Sai dai wannan maganar mai neman tsarkake hannunsa ce bayan an riga an yi. Taku daban ce. Ana so ku amince tun kafin a yi, a buga sunanku a allo, a sayar da kofi da sunan marayunku. Haka za ka kai wa malamin da kwamitinku ya yarda da shi, kada ka rage mata komai don a ba ka amsar da kake so.

Nawa ra'ayin, na wanda ya ga yadda irin wannan ke ƙarewa: abin da ba za ka iya karantawa a gaban masu ba ku gudummawa a taron shekara ba, kada ka sa masa hannu. Kuɗin dare ɗaya zai ƙare cikin wata guda, hoton tambarinku kusa da kwalba kuwa yana nan a intanet, kuma masu ba ku kowane wata su za su fara gani.

Amma kada ku kore su da fuska a murtuke, da alheri suka zo. Ku ce musu kuna so, da sharaɗin daren ya zama ba barasa. Za ku yi mamaki, gwanaye da yawa na jin daɗin wannan, don nan ake gane wanda ya iya. Ka nuna musu amsar da na ba Hajiya a sama. In sun ce ba za su iya ba, ku yi musu godiya, su nemi wata ƙungiyar da ƙa'idarta ta yarda.

TAMBAYA: Kawu, ina cikin waɗanda aka ce mu yi aiki kyauta mu kuma bar tukuicin daren. Ina so in taimaka, amma daren Asabar shi ne kusan rabin abin da nake samu a mako. Kunya ta hana ni faɗa.

AMSA: Ɗana, buɗe baki ka faɗa. Ana mantawa cewa mai tsaye bayan kanta shi ma sau da yawa kusa yake da layin masu karɓa. A Amurka mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa mai aikin tukuici dala 2.13 ne a awa, bai motsa ba tun 1991, sauran daga hannun baƙi yake fitowa. A 2020 da annobar korona ta rufe wuraren aiki, masu tara wa wasu su aka koma tara wa. Ba yau aka gane haka ba, ƙungiyar The Drinks Trust ta Birtaniya tun 1886 take tallafa wa ma'aikatan wannan sana'a.

Wanda ya sa daren agaji ranar Asabar bai yi lissafi ba ma. Ranar wuri na cika da kansa, maigida ba zai so ya ba da ita ba, ma'aikata ma haka. Litinin ko Talata ake yi, lokacin da kujeru ke zaune ba kowa, abokan sana'a daga wasu wurare kuma suna hutu za su iya zuwa, su ne ma suka fi sakin hannu.

Ka sami wanda ya shirya tun kafin a buga takarda, ka ce masa a mayar farkon mako, za ka zo tun da rana ka matsa lemo, tukuicinka kuma za ka ba da rabi. In ya ce dole sai Asabar, to a sa ladanka cikin kuɗin da aka kashe, a rubuta shi a layi ɗaya da na ƙanƙara da na mai kiɗa.